Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Unguwa Uku: Yini Guda a Birnin Dabo

Mu mutanen ƙauyukan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, da wuya a sami magidanci a cikinmu wanda bai taɓa taka birnin Kano ba. Amma in ka tambaye shi abin da ya gani, sai ya lissafa maka tasha, da asibiti, da rumfar mai sayar da takin zamani. Mukan sauka a wannan tasha, mu rungume jaka a ƙirji, mu nemi abin hawa zuwa waccan tasha, shi ke nan mun ratsa Kano. In mota ta yi jinkirin tashi sai mu zauna a kan benci awa biyar ko shida muna korar ƙuda, yara suna kuka a saya musu wannan, a saya musu wancan. Abu biyu ke zaunar da mu a bencin nan, tsoron kashe kuɗi da tsoron ɓata. Ba tsoron banza ba ne. Amma a ranin da ya wuce mun gwada wata hanya, ga kuma yadda ta kasance.

Bikin auren wani ɗan'uwanmu ne ya tashe mu zuwa Wusasa ta Zariya. Mu biyar ne: mai gida da uwargida, da 'yarmu mai shekara 13, da autanmu mai shekara 8, da Baffa, wan mahaifin mai gida, wanda ya ba saba'in baya. Dangin ango sun yi shatar bas wadda za ta tashi daga tashar Unguwa Uku da ƙarfe 4 na yamma ranar Alhamis. Motar ƙauyenmu kuwa, a ƙasar Dawakin Tofa, sammako take yi. Ƙarfe 7 da rabi na safe muna tashar Ƙofar Ruwa, ga yini guda cur a gabanmu.

To, Ƙofar Ruwa tana arewa da gari, Unguwa Uku tana kudu a kan hanyar Zariya, tsohon birni kuwa yana kwance a tsakaninsu. Ko an so ko an ƙi sai an ratsa shi ko an kewaye shi. Muka ce mu ratsa shi da ƙafa, a hankali.

Tun daga gida uwargida ta raba kuɗinmu kashi uku. Kuɗin motar komawa gida ta ƙulle shi a lalita ta ɗaura ƙarƙashin zane, ta ce ko sama za ta faɗo ba mai taɓa shi. Gudummawar biki tana aljihun ciki na mai gida. Kashi na uku, wanda ya fi ƙanƙanta, shi ne na yini. Ba za mu rubuta farashi a nan ba, gama tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ba ya kwana inda ya yini. Buhun geron da za mu kai wa amarya mun riga mun aika da shi tare da masu kai lefe, saboda haka kowa jaka ɗaya ya rataya. Guzurinmu dambu ne da dafaffen ƙwai da ƙuli-ƙuli da jarkar ruwa. Abu na ƙarshe, mun rubuta lambar wayar mai gida a takarda mun cusa a aljihun Auta. Baffa ya yi mana dariya a kan wannan.

Dutsen da Baffa bai taɓa hawa ba

Daga tasha muka ɗauki adaidaita sahu zuwa gindin Dutsen Dala. Wanda ya daɗe bai zo Kano ba kada ya tsaya neman ɗan acaɓa, tun watan Janairu na 2013 gwamnati ta hana su ɗaukar fasinja a cikin gari. A gama ciniki da mai adaidaita kafin a hau, a kuma faɗa masa sunan wurin sau biyu.

Da muka sauka Baffa ya tsaya yana kallon dutsen, ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce, "Shekara nawa ina wucewa ta gindin wannan dutse da jakuna, ban taɓa hawansa ba. Wa ke da lokaci?" Sa'ad da yake saurayi, aikinsa ke nan da rani. Su tashi tun carar zakara ta fari da jakuna ɗauke da itace, su sayar a birni, su cika mangaloli da takin bola da toka da kashin awaki na gidajen birni, su koro jakunan zuwa gona. Wannan takin shi ne asirin ƙasarmu. Baƙi sukan yi mamaki yadda muke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, gero da dawa da wake da gyaɗa duk a kunya ɗaya, gida kusa da gida, amma ƙasa ba ta mutu ba. Birni yana cin abin da muka noma, mu kuma muna kwashe abin da ya zubar mu mayar wa ƙasa.

An yi wa dutsen matakalai na siminti, wajen ɗari. Auta ya haye da gudu, Baffa ya huta sau uku. A zo da safe, gama da rana ta ɗaga ba inuwa ko ta tsinke a bisa. Yaran unguwa za su bi ka suna ba ka labari, wani daidai wani ƙari. In ka ba su ɗan abin sayen rake ba laifi, amma ba dole ba ne.

A nan Kano ta fara. Masu binciken ƙasa sun tarar da alamun narkar da tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin Barbushe, babban mutum mai ƙarfi wanda yake shugabantar bautar Tsumburbura, kafin Bagauda ya zo ya zama sarki na fari wajen shekara ta 999. Da yawa daga cikinmu jikokin Maguzawa ne, labarin nan ba baƙo ba ne a kunnenmu. Iyayenmu sun bar wannan bauta, ba kuwa mai marmarin komawa. Duk da haka ya kyautu yaro ya sani kakanninsa suna cikin mafarin garin nan, kada ya riƙa shiga Kano yana sunkuyar da kai kamar wanda ya zo cin arziki.

Daga bisa ana ganin Goron Dutse can yamma, da hasumiyoyin Babban Masallaci wajen kudu, da rufin kwano iyakar ganin ido. Muna tsaye wani jirgi ya taso daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, Auta ya yi ta tsalle. A 1925 jirgin sama ya fara sauka a garin nan. Baffa kuwa ganuwa yake nema da ido. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta wajen farkon ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, har da Muhammadu Rumfa. Abin da ya kamata manomi ya lura da shi, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, domin in abokan gaba sun yi wa gari zobe a sami abin ci, mutanen karkara kuma su sami wurin gudowa da dabbobinsu. Baffa ya nuna mana wuraren da ya sani ana shuka dawa a cikin birni, yanzu duk gini ne. Ganuwar kanta ta zube a wurare da yawa, an ɗebi ƙasarta an yi tubali, an gina shaguna a kanta. Ƙofar Na'isa ma rushe ta aka yi a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Wanda yake so 'ya'yansa su ga badala da idonsu, kada ya ce sai baɗi.

A Kurmi muka rasa Auta

Daga Dala zuwa Kasuwar Kurmi muka taka da ƙafa ta lunguna, muna tambaya. Dattijon da ke zaune a ƙofar gida ko mai shago shi ake tambaya, a fara da sallama da gaisuwa. Ba wanda ya ɓatar da mu. Uwargida da 'yarmu sun yafa mayafi kamar yadda matan birni suke yi, mai gida ya bar waya a aljihu, gama ƙwacen waya ba tatsuniya ba ce a Kano.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kurmi. Shiga kyauta ne, kallo ma kyauta ne, in dai mutum ya iya riƙe hannunsa. Hanyoyinta ƙanana ne, mutum biyu ba sa jerawa, kowace sana'a da layinta. Ga dukawa da jakunkuna da titimi da takalma, ga masu kayan doki da sirdi da linzami, ga masu ƙwarya da ludayi, ga masu kanumfari da kimba da masoro da kanwa, ƙanshi yana dukan hanci. Wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, ya zo nan a 1851. Ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus, abin da ya fi ba shi sha'awa kuwa shi ne aikin a cikin gidaje ake yinsa, iyali da iyali, ba a manyan masana'antu irin na Turai ba. Waɗanne gidaje ke nan? Namu ne. Audugar daga gonakin karkara take, kakanninmu mata suka kaɗa zaren, masaƙan Minjibir da makamantansu suka saƙa. Fatun jajayen awaki da aka jeme a ƙasar Hausa su ne suka ƙetare Sahara, Turawa suna kiransu fatar Maroko don ta can suka iso musu. Kada kuma mu ɓoye wa yara, a kasuwar nan an sayar da 'yan Adam kamar yadda ake sayar da awaki, har zuwa farkon mulkin Turawa.

Muna layin masu huluna, Baffa yana taya wata hula da ba shi da niyyar saye, sai uwargida ta waiga ta ce, "Ina Auta?" Ba Auta. Mai gida ya bi layi ɗaya, 'yarmu ta bi wani, kowane lungu kamar ɗan'uwansa. Wanda bai taɓa rasa yaro a kasuwa ba, ba zai san tsawon minti goma ba. Can sai waya ta yi ƙara. Wani dattijo mai sayar da tasbaha da turare ne, ya ga yaro yana kuka, ya zaunar da shi a kan buzunsa, ya laluba aljihunsa ya sami takarda. Muka tarar da Auta yana cin dabino. Ashe wani mai gyaran sirdi ya tsaya kallo. Muka yi ta godiya, mai gida ya ɗan miƙa masa wani abu, dattijon ya ture hannunsa ya ce, "Haba Malam, ɗa na kowa ne." Baffa bai ƙara yi mana dariya a kan takarda ba.

Gidan Sarki daga waje, Gidan Makama daga ciki

Daga Kurmi muka yi kudu, muka wuce Babban Masallaci, wanda aka gama ginin da ake gani yanzu a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga waje muka dube shi muka wuce. Gidan Sarki, wato Gidan Rumfa, shi ma daga Ƙofar Kudu muka tsaya muka kalli dogarai da jajayen rigunansu. A 2020 aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, a 2024 aka mai da shi, maganar har ta kai kotu. Shawararmu ga baƙo ita ce, in ya ji ana gardamar sarauta a mota ko a rumfa, ya kama bakinsa.

Gidan Makama yana nan kusa, a nan kuwa muka biya kuɗin shiga na farko a yinin, ba shi da yawa, na yara ya fi sauƙi. Ginin ƙasa ne tun zamanin Rumfa, yanzu gidan adana kayan tarihi. Shiga zauren kaɗai ya isa ladan kuɗin, gama waje rana tana ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar randa. Mai gida ya daɗe yana kallon rufin, yadda aka jera azara, aka ɗaure bakan gizo ba ƙarfe ba siminti. Mu da muke rushe soraye muna sa kwano, sa'an nan mu kwana a tsakar gida don zafi, ya kamata mu zo mu ga wannan.

A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi da takubba, da hotunan zuwan Turawa. A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, suka shigo ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Shekara uku kafin wannan, a 1900, Bishop Tugwell da Likita Miller da abokansu sun iso Kano suna neman izinin zama, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Likita Miller ɗin nan shi ne ya zauna a Zariya daga baya, aikin da ya fara kuwa shi ya koma Wusasa, inda za mu kwana a daren. 'Yarmu ta ce a makaranta an koya musu sunan, amma ba ta san ya taɓa zuwa nan ba.

Da muka fito muka sami inuwa muka buɗe guzuri. Abu ɗaya muka saya, gurasa bandashe, da ƙuli da mai da yaji da albasa, gama zuwa Kano ba cin gurasa kamar ba a zo ba ne.

Marinar Ƙofar Mata

In lokacin mutum bai isa ya ga kome ba sai wuri ɗaya, mu dai marina za mu ce ya je. Tana dab da Ƙofar Mata, ba nisa da Asibitin Murtala. Masu ita suna lissafa farkonta daga 1498. Ramuka ne masu zurfi, sun fi tsayin mutum nesa, an dalaye su. Ana cika rami da ruwa, a zuba baba da toka da katsi, a bar shi kwana da kwanaki yana ruɓa har ya kama. Marini yana zaune a bakin rami, ya tsoma zane, ya ɗaga shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Abin mamaki, sa'ad da zanen ya fito daga ruwa kore-kore yake, iska ce take mai da shi shuɗi a gaban idonka. Yawan tsomawa shi ne duhun launi. Auta ya ce dabo ne. Zanen da ake so da ado kuwa, mata ne suke ƙulla shi da zare a cikin gida kafin a kawo, inda aka ƙulle rini ba ya shiga. Can gefe ga mabuga, suna dukan zane da manyan sanduna a kan gungume har ya yi ƙyalli, sautin yana tashi bi da bi kamar kiɗa.

Baffa ya tsuguna wajen wani marini tsararsa, suka gaisa, hira ta ɓarke. Ya gaya masa mahaifinsa yakan shuka baba a gefen gona, a yanka, a daka, a cura, a shanya, a kawo birni. Marinin ya tambaye shi ko har yanzu ana shukawa a wajenmu. Baffa ya ce rabonsa da ganinsa a gona ya manta. Suka yi shiru su biyu. Ramuka da yawa a wurin sun mutu, an bar su shara ta cike su, gama atamfa da shadda na kanti, yawanci daga Sin, sun fi araha, samari kuma ba su son aikin da ke baƙanta hannu. Buzaye masu neman rawani da baƙi masu yawon buɗe ido su ne suka rage masu saye.

Wurin aikin mutane ne, ba dandali ba. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kuma san za a sa rai ka ba da ɗan wani abu ko ka sayi wani abu. Mu ɗan ƙaramin ƙyalle muka saya, uwargida ta yi ciniki har marinin ya ce lalle wannan ba baƙuwa ba ce. Ya bar 'yarmu ta tsoma shi da hannunta sau ɗaya.

Sa'ad da muka duba agogo uku saura kwata. Mun so mu je Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko ta fari ta gwamnati a Kano a 1909, ya kuma tsara ƙa'idodin rubuta Hausa da baƙaƙen boko a 1912, kakan rubutun da kuke karantawa yanzu. Mai adaidaita ya bi da mu ta ƙofar gidan, muka leƙa minti goma, ba mu ga abin kirki ba. Gidan namun daji na Audu Bako, wanda muka yi wa Auta alkawari, bai samu ba sam. Laifinmu ne, mun daɗe a Kurmi. Wanda zai bi sawunmu ya bar awa guda cif domin hanyar Zariya, gama cunkoson yamma ba ya jin roƙo. Ya kuma guji ranar Jumma'a da tsakar rana, sa'ad da hanyoyin masallaci suke cika, da safiyar Asabar ta ƙarshen wata, da akan tsai da zirga-zirga domin tsabtace gari.

Huɗu saura minti goma muka shiga tashar Unguwa Uku, muka tarar dangin ango suna ɗaure kaya a kan bas. Waɗansu 'yan ƙauyenmu da muka sauka tare da safe suna nan a kan benci tun ƙarfe tara. Uwargida ta kwance kuɗin yini ta ƙirga, adaidaita sau biyu, da Gidan Makama, da gurasa, da ƙyalle, da raken yaran Dala, ga sauran canji da ya isa sayen lemo biyar. Lalita ba a taɓa ta ba. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora Baffa ya yi barci, Auta yana ba wata gwaggonsa labarin mai dabino, 'yarmu kuwa tana ta goge yatsunta da gefen mayafi. Shuɗin bai fita ba sai bayan biki da kwana uku.